Ƙa'idar Am Haridi a Kan Alkama

Am Haridi, wato Baffa Haridi, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a rumbun alkama na garinmu, kudu da Sohag. Aikinsa shi ne cusa dogon ƙarfe cikin tarin hatsi, ya zaro, ya taɓa ya ji ko ƙasan ya ɗau zafi. A jikin ƙarfen nan ya yi karatunsa duka, karatun kuwa ba shi da tsawo: alkama ruwa ce da ta bushe. Abin da ya shiga zai fito, a dai ƙara ƙarfin ja gwargwadon zurfi. Ƙarfen bai taɓa ƙaryata shi ba, da yake siriri ne, ga santsi, kuma ba shi da ƙugu.

Duk sabon lebura sai ya haddace wannan kafin a ba shi shayi.

Ranar da abin ya faru ana zuƙe alkama da inji ta ƙasan tarin zuwa mota, shi kuma yana tsaye a samanta. Kafin a kashe injin ya nutse, ta kai masa ƙirji.

Dahi, shugaban leburori, ya leƙo daga tsani. "Am Haridi, wanka ake yi ba gayyata?"

"Jefo igiya, ɗan banza. Numfashi nake nema."

Gaskiya ya faɗa. Duk numfashin da ya fitar sai alkama ta matso ta cike gurbin, ba ta kuma komawa.

Dahi ya daina dariya. "Mutum nawa za su ja?"

"Ni ɗin nawa nake? Buhu guda. Biyu sun isa."

Biyu suka ja, ko motsi. Da yake ɗalibai ne masu biyayya, sai suka ƙara ƙarfi gwargwadon zurfi, aka kira har mai gadi da direba. Alkama ta riƙe ƙafafu, igiya ta ɗauki kafaɗu, ƙugun da ke tsakani ya yi ƙara. Sai daga baya 'yan kwana-kwana suka kafa alluna kewaye da shi, suka kwashe hatsin da kwanuka.

Yanzu a bakin ƙofar rumbun yake yini, a kujerar da matarsa Ummu Jabir ke turowa, ƙafafun a lulluɓe da bargo ko da rani. Sababbin leburori har yau suna haddace ƙa'idar, don ba a sami wadda ta fi ta gajarta ba.

Na tambaye shi ko ba zai hana su ba.

Ya kalli bargon. "Ai daidai take, Ustaz," in ji shi. "Amma ga ƙarfe."