Inshorar Fijon Malam Maitama

A Kaura Namoda, in ka ce kana neman Maitama Direba sai a tambaye ka wanne. Amma ka ce Maitama mai koriyar Fijo, ko mai tallan kunu za ta nuna maka gidan. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana jigilar fasinja tsakanin Kaura, Shinkafi da Zurmi, duk a mota ɗaya, tsohuwar 404 da ya saya hannun wani ma'aikacin jirgin ƙasa. Ya daɗe da barin tasha, amma motar kam bai bar ta ba. Kullum hantsi sai ya wanke ta, ya goge, ya ja baya yana kallo yana murmushi shi kaɗai. Kai, Maitama na son motar nan!

Sai bara gobara ta tashi a shagon mai walda da ke jikin katangarsa. Allah ya kiyaye, fentin gefe ɗaya kawai ya babbake. Washegari babban ɗansa Muttaka, wanda ke ɗauke da hidimar gidan yanzu, ya zo ya durƙusa.

"Baba, akwai wani Alhaji daga Abuja da ke tara irin waɗanga tsofaffin motoci, ya yi tayi mai kyau. Da jiya ta ƙone, da mun tashi a tutar babu. Ko dai a yi mata cikakkiyar inshora wadda za mu iya biya, ko a sayar tun tana da daraja."

Maitama ya ce ya ji, kuma ya yarda. Shi mutum ne da ba ya magana biyu. In ba a samu inshorar ba, Alhajin zai zo da motar ɗauka ran Asabar, ga shi ana Litinin.

To, ga inda gizo ke saƙa. Maitama a tasha da kasuwa ya tashi, inda mai kaya ba ya kushe kayansa. Ko tunkiya gurguwa za ka sayar, cewa za ka yi yanga take. Saboda haka da ya shiga ofishin inshora na farko aka ce ya faɗi darajar motar, sai ya gyara zama. Injin nan ba a taɓa sauke shi ba! Bodi ƙarfe ne na gaske, ba gwangwanin zamani ba! Manya daga Abuja rububinta suke! Ma'aikacin ya yi ta rubutu yana jinjina kai, sannan ya faɗi abin da za a riƙa biya duk shekara. Maitama ya ji kansa ya sara.

Ya fito yana cewa lallai bai yabe ta sosai ba ne shi ya sa suka raina shi. A ofishi na biyu, can Gusau, ya ninka kirarin. Su ma suka ninka farashin. Ya dawo gida ran Laraba ko tuwo bai iya ci ba, tsoro ya kama shi sosai, don ya ga motar na shirin barin gidan.

Ran Alhamis wani tsohon abokinsa na tasha ya tura shi wurin Theresa, wata 'yar Binuwai mai ƙaramin ofishin inshora kusa da tashar jirgi, wadda Hausa a bakinta kamar a nan garin Banga aka yanke mata cibi. Ta saurare shi har ya kai aya, sai ta fashe da dariya.

"Baba, ai kai kake tsauwala wa kanka! Nan ba kasuwar Shinkafi ba ce. Iya tsadar da ka ba motar, iya abin da za ka biya. Ni gaskiyarta nake so. Gobe zan zo in gan ta, ka faɗa mini duk aibinta."

"Aibi? Wace, ita?"

"Ita fa, Baba."

Da safe Theresa ta iso da takardu. Maitama ya tsaya gaban motar, ya buɗe baki, ya rufe. Ya yi gyaran murya. Daga ƙarshe da ƙyar ya ce, "To, madubinta na hagu yakan ɗan yi rawa." Wallahi iyakar abin da ya fito ke nan, kuma sai da ya shafa madubin kamar mai ba da haƙuri.

Ashe matarsa Balaraba na zaure tana ji. Ta yafa mayafi ta fito.

"Malam, kauce. Ɗiyata, buɗe shafi sabo."

Ina wuta! Ta ce ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta tun zamanin da. Ta ce in ana ruwa, wanda ke ciki ya fi na waje jiƙewa. Lagireto kuwa, daga nan zuwa Zurmi sai an ba shi ruwa sau uku, ya fi jaki ƙishirwa. Ta ce ba don son inuwa Malam ke aje ta kan gangara ba, don ba ta tashi sai da turi, kuma ita Balaraba ta tura ta da goyo, ta tura ta da azumi, ta tura ta ran bikin ƙanwarta a Badarawa, da sabon leshi, dangi na kallo.

"Haba, Hajiya, sau ɗaya ne fa..."

"Sau huɗu! Bari in gama."

Theresa na rubutu tana share hawayen dariya. Ta zagaya motar, ta ja igiyar, ta leƙa rufin, ta ga duk gaskiya ne. Ta yi lissafinta ta nuna wa Muttaka, wanda ya iso ana tsakiyar abin. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce wannan kam ko shekara goma zai iya biya. Maitama ya yi hamdala, amma fuskarsa ba walwala. Abin ya yi masa zafi, wai a tsaya a ƙofar gidansa a yi wa motarsa tonon silili, kuma da bakin matarsa.

Theresa na haɗa takardunta ta ce cikin zolaya, "Amma Mama, mota mai wannan hali, ai gara ku bar Alhajin Abuja ya ɗauke muku wahala."

Balaraba ta juyo a fusace.

"Wa zai ɗauka? Ranar da zan haifi wancan," ta nuna Muttaka da haɓa, don ba ta faɗin sunan ɗan fari, "muna Zurmi, ruwa ya cinye hanya, duk direbobi suka ƙi fita. Wagga mota ita ta ratsa da ni har asibitin Kaura, kuma ran nan ko tari ba ta yi ba. Ni ke da ikon zaginta, ni na tura ta. Amma ba mai fita da ita gidan nan ina raye."

Muttaka ya sunkuyar da kai, bai taɓa jin labarin ba. Can ya zaro waya ya koma gefe, aka ji yana cewa, "Alhaji, a yi haƙuri, kada a taso gobe."

Maitama ya sa hannu a takarda. Sannan ya buɗe ƙofar gaba ya ce, "Hajiya, shiga in kai ki ki gaida yayarki."

Ta shiga ta zauna, ta gyara mayafi. Muttaka ya naɗe hannun riga ya koma baya ya kama turi.