Ranar da Baba Ƙusa ya hau benen Turawa

Maƙwabcina kafinta ne, Baba Ƙusa muke ce masa. Shekara talatin yana hawa rufin mutane, kuma duk ɗakin da ya shiga sai ya ƙwanƙwasa ƙofa da kujera kamar mai zaɓen kankana. Ni kam na sha tsokanarsa a kan haka.

Bara autarsa mai tsohon ciki ta matsa a je kallon wani gari da Turawan mulki suka bari, na laƙe musu. Tituna tsaf, gidaje sun sha farin fenti. Mai yi wa baƙi bayani ya hau da mu benen tsohon gwamna yana cika baki, wai shekara ɗari ba a canja ko katako ɗaya ba. Muka fita baranda ɗaukar hoto, mu wajen ashirin, auta can ƙarshe ta jingina da ƙarfen barandar.

Na waiga zan ce Baba ya yi murmushi, sai na gan shi durƙushe a bakin ƙofa. Ya danna babban yatsansa a katakon da muke kai, yatsan ya shige kamar cikin burodi. Gara ta gama da cikin, fenti kawai ya rage. A ƙasanmu kuwa daɓen dutse ne.

Na buɗe baki zan yi ihu, ya zare min ido. Daga baya ya ce da mun ruga tare, tare za mu sauka.

Murya ƙasa-ƙasa ya ce, “Kowa ya tsaya inda yake. Auta, kin ga layin kawunan ƙusa? Ƙarƙashinsa akwai gungume. Nan kawai za ki taka.”

Ba ta iya ganin ƙafarta saboda cikin. Shi ya riƙa gaya mata, dama kaɗan, tsaya, taho. Katako ya yi ƙara sau biyu, garin katako yana zubowa ƙasa. Mu sauran muka tsaya cak inda muke.

Da hannunsa ya kama nata ya jawo ta ciki, sannan ya fitar da mu daga barandar ɗaya-ɗaya. Ni ya bari ƙarshe, wai na fi kowa nauyi.

A tsakar gida auta ta ce, “Baba, sake ni mana, mun fa sauko.” Ya ce to. Har muka shiga mota bai saki hannun ba.