Hamidu Ya Sha Ruwa

Jama'a, abin da zan ba ku ba ji na yi ba, ni ya faru da ni, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. A lokacin ina aikin kula da gidajen alhazai a unguwar Aziziyya ta Makka, aikin da in Hajji ya wuce sai ka rasa abin yi sai hamma. Abokina Usama, wanda bai iya zama wuri ɗaya ba, ya ce yalla mu je Mahad Zahab mu yi Alhamis da Juma'a, tsohon garin nan na haƙar zinariya da ke can wajen Madina, mu ga ramukan mutanen da.

Kafin in ci gaba sai na gaya muku labarin kakata, wadda muke kira Inna. Basakkwaciya ce, da ƙafa suka iso Makka tun tana amarya. Ɗanta na fari ya fita neman aiki yana saurayi bai dawo ba, ba gawa ba labari. Kun san alkunyar ɗan fari, ko sau ɗaya bakinta bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "Mai-tafiya". Babana kuma Yaya yake ce masa. Kullum da safe takan cika moɗa da ruwa ta rufe da faifai ta ajiye bayan ƙofa, wai matafiyi da ƙishirwa yake isowa. Mu jikoki dariya muke yi mata, har mukan sace ruwan mu sha. Burinta ɗaya ne, ta ji labarinsa kafin ta mutu.

To mun isa, mun zaga gari, ba wani abin a zo a gani, duwatsu ne baƙaƙe da rana mai dafa ƙwaƙwalwa. Bayan azahar muka fita bayan gari inda tsofaffin ramuka suke, Usama ya tsaya jikin mota yana ɗaukar hotuna, ni kuwa karambani ya ja ni gaba. A bakin wani rami na tarar da saurayi zaune, baƙi kamata, ba takalmi, rigarsa wani irin ɗinki ne da ban taɓa gani a kasuwa ba. Na yi masa sallama da Larabci, sai ya amsa da Hausa, Sakkwatanci tsantsa irin na Inna, ya tambaye ni ko ni ɗan Makka na, kuma ko ina da ruwa. Na ɗauka ma'aikaci ne marar iƙama, wato takardar izinin zama, da ya ɓuya, na miƙa masa gorar da ke hannuna. Ya kafa kai ya shanye tas, da idona na ga maƙogwaronsa yana motsi. Ya miƙo min gorar ya ce:

"In ka koma, ka ce Hamidu ya sha ruwa."

Na ce wa zan gaya wa, Makka ai ba ƙauye ba ce. Ya yi ɗan murmushi.

"Mai saƙon ba ta kiran sunan, amma ta san shi."

Usama ya danna hon, na waiga, kafin in juyo babu kowa, fili fetal kuma ba wurin ɓuya sai ramin. Da na koma mota Usama ya ce, ya shek, da wa kake ta surutu kai kaɗai? Na ɗaga gorar in nuna masa, sai na gan ta cike, ko murfin ba a ɓalle ba. La'ilaha illallahu! Ba mu kwana garin ba.

Na ba abokai labarin, na ba mai shayin unguwarmu, kowa ya ce aljani ne, in yi ta azkar. A gida kaɗai na yi shiru, don Inna ba ta da lafiya, na ce kar in tayar mata da hankali da zancen aljanu. Kullum ina wuce moɗar nan a bayan ƙofa, amma kaina bai taɓa haɗa biyu da biyu ba.

Da sanyi ya shigo Inna ta rasu. A zaman ta'aziyya wani tsoho da suka yi hanyar Makka tare da ita yana addu'a, sai na ji ya ce Allah ya sada ta da ɗanta Hamidu. Na matsa kusa da babana na tambaye shi wane ne Hamidu, ya dube ni da mamaki ya ce, ai sunan Yaya ke nan. Da na ba shi labarin bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Tashi kawai ya yi ya shiga ɗakinta, ya ɗauko moɗar, ya zauna da ita a cinya.

Har yau ban san da wa na yi magana ba, kuma na daina tambayar malamai. Abin da ke cin raina shi ne saƙon ya iso har cikin gidanmu, a bakina, matar tana kwance taku kaɗan daga ɗakina, ta tafi tana zaton ɗanta na jin ƙishirwa. Don Allah, in akwai tsoho a gidanku, ku tambayi sunayen da kunya ta hana shi faɗa tun yana da rai.