Sunan Uba a Takardar Gwaji

A barandar gidan gyaran halin yara, Haulatu tana jiran a karɓi abincin ƙanenta, idonta na kan wani baƙon jami'i siriri mai tabarau. Da gani a birni ya tashi. Yana gwada halin wani yaro Bafulatani, kuma takardar hannunsa ce za ta sa a sake shi ko a riƙe shi.

"Kalle ni. Yaya sunan mahaifinka?"

Yaron yana durƙushe, kansa a ƙasa. "Baffa."

Jami'in yana rubutu yana faɗa: "Taurin kai. Ɓoye gaskiya."

Haulatu ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Yallaɓai, a wace ruga ɗa yake kallon idon babba, har ya kama sunan ubansa? Kunya ce fa!"

Shi ma jami'in bai ɗago kai ba. Ya buga hatimi, ya ce, "Na gaba."