Injin da Maikasuwa Ya Binne

Duk Babura an san Maikasuwa mai kilishi da tsafta, tsaftar da har ta zame masa abin tsokana. Ƙuda ya sauka kan namansa, sai ya bi shi da zagi har kakanninsa. Ba ya cin tuwon biki, wai bai ga hannun da ya tuƙa ba. Da wannan sunan yake ciyar da gidansa.

Wata rana ya dawo daga Kano da wani inji da ya saya wurin 'yan gwangwan, farin ƙarfe mai faffaɗar wuƙa da abin saita kauri. Ya dirje shi da toka da tafasasshen ruwa, ya ɗora tsoka. Yankan ya fito shara-shara, kana hango rana ta cikinsa. Kafin a ce me, kilishinsa ya yi suna har cikin Nijar.

Ana nan sai Zulaikha, 'yar ƙanensa mai karatun likitan dabbobi, ta zo hutu. Ta shiga rumfa gaishe shi, ta ga injin, ta yi turus.

"Baffa, ina kuka samo wannan?"

"Ke ma ya burge ki, ko?"

"Irinsa ne a ɗakin bincikenmu. Da shi ake yanka ƙwaƙwalwar mahaukatan karnuka, a duba cutar."

Akwai kilishi a bakinsa lokacin. Da ƙyar ya kai bayan rumfa, ya yi ta kelaya amai kamar zai fitar da hanjinsa. Kare, karen ma mahaukaci, kuma ƙwaƙwalwarsa. Shi da ke wanke wuƙa don kawai wani ya taɓa ta.

"Ku kwantar da hankalinku, Baffa. Cutar ba ta jure tafasasshen ruwa, ba wanda kuka cutar."

"Ba cuta ce ta dame ni ba, Zulaikha. Ƙazantar ce."

Ya naɗe injin a buhu, ya kai gona ya binne, ya koma kan wuƙarsa. Hannun kuwa ya saba da hutu, yankan ya riƙa fitowa da kauri. Masu saye suka soma janye jiki, suna cewa tsufa ya kama Maikasuwa.

Yana jin su, bai taɓa musawa ba. Wani tsohon abokin cinikinsa ya matsa masa da tambayar ina irin na da, mai narkewa a baki. Maikasuwa ya kau da kai.

"Tsufa ne, Alhaji," in ji shi. "Hannun ya mutu."