Benen da matakalarsa ke cikin shago

Shekarar da zan rubuta jarrabawar gama sakandare, mahaifina ya kawo ni daga Beli ya damƙa ni ga wani abokinsa mai shagon hatsi a tsakiyar Karaye. A saman shagon akwai ɗaki ɗaya, shi aka ba ni. Na yi murna, domin ina zaton wanda ke sama ya rabu da mutane.

Ginin tsoho ne, tun zamanin cinikin gyaɗa. Tubalin ƙasa ne aka shafe da siminti daga baya, katangarsa ta kai kamu biyu a kauri, rufin azara ne, taga ɗaya ce tak mai kallon titi. Sanyi gare shi ko a watan zafi. Sai dai wanda ya gina shi a sama yake kwana, dukiyarsa a ƙasa, kuma bai yarda da kowa ba. Saboda haka bai yi wa benen ƙofar waje ba. Matakalar daga bayan buhunan dawa take tashi. In zan fita, sai na ratsa dattawa biyar da ke zama kan benci, na durƙusa na gaida kowanne. Sai na rage fita. Da dare in sa sakata ta ciki, da asuba in zare. Alhaji mai shago yakan yabe ni: “Yaron nan kamar babu shi a gidan.”

Ranar jarrabawar lissafi, na zare sakata na koma sama ina bita. Ashe an aiko wa Alhaji da saƙon rasuwa daga Falgore. Ya ja ƙyaure, ya danna kwaɗo ta waje, ya hau mota. Ƙarfe takwas da kwata na sauko na tarar da duhu. Jarrabawa ƙarfe tara ce, wanda ya rasa ta kuwa sai baɗi. Na kira wayarsa, ta yi ƙara a kan teburinsa, kusa da hannuna.

Na koma sama, na leƙa ta taga. Dattawan suna zaune a ƙasa, sun jawo bencinsu inuwa. Sai da na yi sallama sau uku kafin muryata ta kai ƙasa.

Babbansu ya ɗaga kai. “Af, ɗan boko, kana ciki? Ina kwana?”

“Lafiya lau, Baba. An rufe ni ne.”

“Ya gajiya? Ya mutanen Beli?”

Na amsa masa, na amsa wa sauran huɗun, ina duban agogo. Sannan na faɗi buƙatata. Mai walda na maƙwabta ya ce minti biyu ya ishe shi ya yanke kwaɗon. Dattijon ya girgiza kai.

“Kwaɗon mutum, ba ya nan, yana wurin gaisuwar mutuwa? Ba da ni ba.”

Mai waldan ya ce, “To Baba, yaron ya kwana a sama?”

“Ai dama can yake kwana.”

Aka aika neman tsani. Wanda aka samo bai kai rabin katangar ba, dattijon ya ce magina na da ba su san wasa ba. Jama’a ta taru, kowa na kallona, ni da ban taɓa iya ɗaga hannu a aji ba.

Wani direban a-kori-kura da ya yi lodin masara zai tafi Rogo ne ya warware matsalar. Ya yi baya da motar har gindin bango.

“Malam, turo ƙafafu tukuna. In ka maƙale, ba ruwana.”

Na jefa masa biro da katin jarrabawa, na tura ƙafafu. Tagar an yi ta ne don iska, amma shekara guda ina gudun fita cin abinci har na rame, sai na wuce. Na faɗa kan buhuna, rigar makaranta ta yage a kafaɗa. Direban bai tsaya na sauka ba, haka ya kai ni har ƙofar makaranta ina zaune bisa masara.

Na makara da minti ashirin. Na tsaya gaban mai sa ido ina haɗa bayani a raina, ya miƙo mini takarda.

“Kai ne na taga? Wuce ka zauna, mun ji.”