Lasisin Baba, Sunan Baffa

Shekara talatin da huɗu babana yana tuƙi, bai taɓa goge ko fentin motar wani ba. A garejin kamfanin da yake ɗaukar wa ma'aikata safe da yamma, Sannu-Sannu suke ce masa. In fitilar hanya ta nuna ruwan ɗorawa, sauran direbobi su taka mai, shi kuwa ya taka birki, ma'aikatan su yi ta mita a bayansa wai tafiyar hawainiya za ta sa su makara. Har agogon bango kamfanin ya taɓa ba shi na yabo. Ni 'yarsa ta fari na taso ina alfahari da wannan natsuwa, sai da na kai shekara ashirin da shida na gane ba natsuwa ba ce, tsoro ne. Baba ba ya son duk abin da zai sa mai kaki ya miƙo hannu ya ce a kawo lasisi, domin sunan da ke jikin lasisin ba nasa ba ne, na yayansa ne, Baffa.

Ga yadda aka yi. Kakanmu ya rasu Baba yana da shekara goma sha shida, ya riga ya iya mota kamar me, ga aiki ya samu, amma doka ta ce sai mai goma sha takwas. Baffa tela ne, ya girme shi da shekara uku, kuma ko keke ba ya hawa sai na ɗinki. Ya ɗauko takardar haihuwarsa ya miƙa wa ƙaninsa. A zamanin, hoto ake mannawa da gam a buga hatimi, shi ke nan. Suka ce na shekara biyu ne, in Baba ya kai sai ya yi nasa. Shekara biyu ta zama biyar, kamfani ya ɗauke shi da wannan sunan, daga baya kwamfuta ta zo aka ɗauki hoton yatsunsa goma a ƙarƙashin sunan Baffa. Daga ranar ƙofar komawa ta rufe. Shi ya sa su biyun babu wanda ya taɓa zuwa yin katin shaida, kullum sai su ce layi ya yi yawa.

Ni ina aiki ne a shagon kwafi da cike fom, daidai tsallaken ofishin katin shaida. Injin kwafi ɗaya, kwamfuta biyu, farin ƙyalle a bango na ɗaukar hoto, da benci da ƙafarsa ɗaya ke rawa. Lokacin da gwamnati ta fito da sabuwar ƙa'ida, mu muka fara sani, don a kanmu mutane ke sauke haushi. Ba za a ƙara sabunta lasisi ba sai da lambar katin shaida, kuma suna, ranar haihuwa, fuska da yatsu dole su zo ɗaya a wurare biyun. Wanda aka kama da suna biyu, kotu. Na manna sanarwar da hannuna a ƙofar shago, har ina yi wa mutane wa'azi cewa gyara ne, ɓarayi kaɗai za su ji tsoro. Bakina ya ja mini.

Wata ranar Talata da azahar sai ga Baba a shagon, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a bencin nan, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce wani abokinsa ne ke da matsala. Ya zayyano mini matsalar abokin tiryan-tiryan, har da cewa yayan abokin tela ne. Baba bai iya ƙarya ba, wannan ne abin haushin. Mutumin da bai iya ƙaramar ƙarya ba shi ne ya ɗauki babba shekara talatin da huɗu. Na dube shi, na ga zufa tana bin wuyan rigarsa, ga fanka tana juyawa a kansa.

Na ce, "Baba, yaushe lasisin abokin naka zai ƙare?"

Ya ce, "Saura kwana arba'in da ɗaya, uwata."

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Na fi kowa sanin yadda na'urar take aiki. In ya je ya yi kati da sunansa na gaskiya, yana ɗora yatsu za ta nuna cewa yatsun nan na wani mai lasisi ne mai wani suna. In bai je ba, lasisi ya mutu, aiki ya tafi, ga ƙannena huɗu a makaranta, ga maganin Baffa. Gaba kura, baya siyaki.

A kwanakin nan na ga tsoro yana cin mutum da rana tsaka. Baba ya rame, wandonsa ya fara zamewa. In an ƙwanƙwasa ƙofa sai ya miƙe tsaye da cokali a hannu. Wata rana an fito da wani mutum daga ofishin katin, jami'ai biyu riƙe da shi, ana cewa suna biyu gare shi. Ina kallo ta tagar shago, har na buga wa wata mata kwafi ashirin maimakon biyu. Akwai 'yan bakin ƙofa da ke cewa za su iya gyara komai, amma na san su, rabinsu ne ke kai rahoto.

Baffa yana zaune tare da mu, a ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. Matarsa ta rasu, bai haihu ba, kuma shekara uku ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Keken ɗinkinsa na nan a lulluɓe da tsohon zani, kwalaben magani a jere a kai. Jiki ya tafi amma bakin yana nan, ko da yake a karkace. Wata safiya ina shafa masa man zafi a kafaɗa, ya sa aka kira Baba. Ya ce ya ji komai, bangon gidan nan ba ya riƙe magana.

Ya ce, "Kai, ƙaramin mutum da babban tsoro. Je ka yi katin da sunana. Ka ci rabi, cinye sauran. Ni ina zan je da shi? Daga gadon nan sai banɗaki, kuma can ba a tambayar kati."

Baba ya ce ba zai iya ba, ya ce asibiti fa, ai yanzu ko'ina lamba ake nema. Baffa ya yi dariyar nan tasa ta gefen baki, ya ce likita ciwo yake dubawa, ba suna ba. Ni na san ba haka ba ne, kuma na yi shiru. Wannan shirun nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Ni na cike fom ɗin. Ni na tsayar da Baba a gaban farin ƙyalle na ce ya daina ƙifta ido. Ranar da ya shiga ofishin, na tsaya a ƙofar shago awa uku ban zauna ba. Ya ba ni labari daga baya cewa da ya ɗora yatsu a gilashin na'urar, zufa ta hana ta karantawa, sai da jami'ar ta ba shi auduga ya goge har sau uku, tana tsokanarsa wai ko ya yi kisa ne. A na huɗu fitila ta yi kore. Suna ya zo ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, yatsu ɗaya. Gwamnati ta gamsu cewa babana shi ne Baffa. Lasisi ya fito saura kwana shida, mai ƙyalli, da ƙaramin hoto a cikin babba. Mamana ta yi ta hamdala. Ni dai ban ji sanyi ba, domin yanzu akwai mutum a gidanmu da babu shi a ko'ina.

Wata bakwai bayan nan ciwon Baffa ya tashi da hantsi, Baba yana hanya da ma'aikata. Ni da maƙwabcinmu muka kai shi asibiti. A teburin karɓa aka nemi lambar kati, na ce mun manta a gida, aka rubuta a gefen fayil cewa za a kawo. Sun karɓe shi, ba zan yi musu ƙarya ba, sun yi iya yinsu. Kafin la'asar ya cika.

Baba ya iso da rigar aiki, ya zauna a dandamalin baranda ya rufe fuska da hula. Ni aka kira ofishin rajista, wani ɗan ɗaki mai kabad ɗin ƙarfe da taga ɗaya. Ma'aikacin dattijo ne mai tabarau, ya yi mini gaisuwa, ya turo mini fom, ya ce ba za a saki gawa ba sai an cike. Ya ƙara da cewa in rubuta a hankali, don yanzu komai a haɗe yake: suna da ranar haihuwar da na sa, kafin gobe na'ura ta rufe duk abin da ke ƙarƙashinsu, kati, lasisi, komai. In kuma mamacin bai taɓa yin kati ba, in kawo takardar haihuwa daga baya.

Na riƙe biro. In na rubuta sunan Baffa, gobe da safe wanda gwamnati ta sani matacce ne zai tuƙa mutum talatin zuwa aiki, kuma shingen 'yan sanda na farko ya ishe shi. Takardar haihuwar Baba ta gaskiya kuwa tana gida a cikin gwangwanin zare, sabuwa fil, ba a taɓa amfani da ita ba. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan minti ba. Dattijon ya ɗauka baƙin ciki ne, ya ce in yi haƙuri, in ɗauki lokacina.

Na rubuta. A layin da aka ce dangantaka da mamaci, na sa 'ya. Ya buga hatimi, ya yage mini kwafi.

Da na fito, Baba ya ɗago kai. Idonsa ya yi ja. Bai tambaye ni ba, hannu kawai ya miƙo, na ba shi takardar. Ya karanta a hankali yana motsa leɓe, yadda yake karanta komai, sunansa na gaskiya da sunan ubansa da ranar da aka haife shi, da ranar yau a ƙasa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ninke ta huɗu ya mayar mini.

Ya ce, "Ki adana ta da kyau, uwata. Ran da tawa ta zo, sai ki rubuta nasa sunan."